HP EliteBook 840 G3 ta hannu: za ta ishi ɗalibin babbar sakandare mai karatun kwamfuta?

Duk wanda ya shiga layin masu kwamfuta a Beirut Road da ke Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ya ce yana neman laftof mai rangwamen kuɗi saboda yaron da ke babbar sakandare, da wuya a ɗora masa guda uku a kan kanta babu HP EliteBook 840 G3 a ciki. Kamfanin HP ya fitar da ita a 2016 domin ma'aikatan ofis. Kamfanoni a Turai da Amurka suka saye ta da yawa, suka more ta na wasu shekaru, sannan suka sallame ta, ita ce yanzu take isowa hannunmu a cikin kayan da 'yan kasuwa ke kira London used ko 'yan Beljiyam. Tambayar iyaye ita ce: kwamfutar da ta kwana biyu haka, za ta ɗauki ɗalibi daga SS1 har ya gama WAEC da NECO da JAMB?

Za ta ɗauke shi, har da rara, in an dace da lafiyayya. Sai dai a kasuwar kayan hannu sunan kwamfuta ba ya gaya maka komai game da lafiyarta. Guda biyu masu suna ɗaya, kala ɗaya, a shago ɗaya, wata za ta yi wa yaro shekara uku ba ta je wurin mai gyara ba, wata kuma kafin ƙarshen zangon karatu batirinta ya kwanta. Don haka rabin wannan sharhi a kan kwamfutar ne, rabi a kan yadda ake tantance wadda za a biya wa kuɗi.

Aikin da za ta yi

Kafin a yanke mata hukunci sai an san nauyin da za a aza mata. Ɗalibin da ke ɗaukar Computer Studies ko Data Processing a babbar sakandare, abin da manhajar karatunsa ke nema a aikace bai wuce waɗannan ba: rubutu da tsara takarda a Word, lissafi a Excel, shirya bayani a PowerPoint, gina rumbun bayanai a Access, ɗan zane a CorelDraw, shafin intanet mai sauƙi da HTML, sai kuma yaren BASIC ga mai Computer Studies. A WAEC, Computer Studies tana da takarda ta uku wadda ake yi a zaune gaban kwamfuta, nan ne asirin yaron da ya haddace littafi bai taɓa linzami ba yake tonuwa. Ya san ma'anar sel da layi da ginshiƙi daram, amma a ce ya rubuta =SUM(C2:C31) ya ja ta zuwa ƙasa, sai hannu ya hau rawa.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da yake girgiza 840 G3. Takardar Excel mai sunayen ɗalibai arba'in, da makinsu na darussa tara, da =AVERAGE da =RANK da =IF(D2>=50,"Pass","Fail") a kowane layi, kafin ka ɗaga yatsa daga Enter ta gama lissafi. CorelDraw ce ta fi sauran nauyi, ita ma in RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya kai 8GB tana buɗewa ta yi aikin tambari da katin gayyata da fosta ba tare da tsaiko ba.

Access ita ce babbar hujjar sayen laftof maimakon a ce yaro ya lallaɓa da waya. Word da Excel suna da kwatankwacinsu a waya, ko da dai yatsa biyu a kan gilashi ba sa koya wa kowa buga rubutu. Access kuwa ba ta waya, ba ta kwamfutocin Apple, ba ta cikin Office ɗin da ake buɗewa kyauta ta intanet. A Windows kawai take. Kuma kaso mai tsoka na Data Processing a SS2 da SS3 a kanta ya dogara: tsarin bayanai, maɓallin farko na tebur, alaƙa tsakanin tebur da tebur, matakan 1NF da 2NF da 3NF, da tambayar rumbu da SQL. Waɗannan batutuwa a allo suna da wuyar haɗiya. Amma yaro ya zauna ya gina tebur ɗaya na ɗalibai mai lambar shiga da suna da aji, ya gina wani na sakamako mai lambar shiga da darasi da maki, ya haɗa su ta lambar shiga, sannan ya yi ƙoƙarin shigar da maki ga lambar da babu ita a tebur na farko, Access ta ƙi karɓa. A wannan ƙin karɓar ne yake gane abin da malami ya yi mako biyu yana bayani.

Game da BASIC, akwai wani cikas da yake ɗaure wa malamai kansu kai. Tsohuwar QBasic manhaja ce ta zamanin DOS, ba ta tashi kai tsaye a Windows mai 64-bit, wadda ita ce a kan kusan duk 840 G3 da ke kasuwa. Sai a ɗauka kwamfutar ce ke da matsala. Ba ita ba ce. A saukar da QB64, kyauta ce, tana karɓar umarnin CLS da INPUT da PRINT da FOR…NEXT kamar yadda suke a littafi. Ko kuma a kunna tsohuwar QBasic ɗin a cikin DOSBox.

Sai JAMB. Tun 2015 jarrabawar UTME ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, a yanzu kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da yake neman inda harafin N yake a kibod, ko linzami yake suɓuce masa, daga cikin wannan arba'in ɗin yake ci. WAEC ma ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta ƙashin kansu a 2024. Manhajojin atisayen jarrabawar kwamfuta (CBT) da ake sayarwa marasa buƙatar intanet ƙanana ne, ba su da wani nauyi a kan wannan laftof.

Abin da ke cikinta

Injinta, wato furosesa, Intel ne na ƙarni na shida. An fi samun Core i5-6200U da i5-6300U, jefi-jefi kuma i7-6500U ko i7-6600U. Ga shawarata a nan, kuma ina tsaye a kanta: kada a ƙara ko sisi saboda sitikar i7. A wannan ƙarnin, i5 da i7 masu harafin U a ƙarshe duk ƙwayar aiki (core) biyu gare su, bambancin gudunsu kaɗan ne, ɗalibi ba zai taɓa jin sa a Word ko Access ba. Kuɗin da za a ƙara a kan sitika ya fi amfani a sabon batir.

A kan sitikar nan ake yi wa iyaye da yawa sakiyar da ba ruwa. A ce musu "wannan Core i7 ce", alhali tsohuwar EliteBook 8460p ce ta 2011 ko 8470p ta 2012, masu nauyi da cin wuta. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna ƙarni: i5-6300U ƙarni na shida, i7-2620M ƙarni na biyu. A duba lamba, a manta da sitika.

RAM ɗinta DDR4 ne, kuma gurbi biyu gare ta, dukansu ana cirewa ana sakawa. Wannan na cikin manyan alheranta. In an samu mai 4GB, ana iya ƙara wani 4GB ɗin ya zama 8GB, kuma guda biyu masu 4GB sun ɗan fi guda ɗaya mai 8GB kuzari wajen zane, domin ɓangaren hoto na Intel HD 520 daga RAM ɗin yake ɗiba. A kula, DDR3L na tsofaffin 840 G1 da G2 ba ya shiga G3, tsagar da ke gindinsa ba wuri ɗaya take ba, in aka tilasta shi sai a karya gurbin.

Wajen ajiya, tana da gurbin SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar faifai, irin siririn nan na M.2, tana kuma da ɗakin faifai mai inci 2.5. Wasu suna zuwa da SSD 256GB, wasu da tsohon faifai mai juyawa na 500GB, kuma sau da yawa mai saye yakan zaɓi 500 don ya ga lambar ta fi girma. Kuskure ne babba. Mai faifai mai juyawa tana iya cin minti guda ko fiye kafin ta gama tashi, a buɗe Task Manager a ga faifan a kashi 100 alhali ba a taɓa komai ba. Mai SSD cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka ta shirya. Ga kuma jakar ɗalibi da ke shan jijjiga a bayan babur da cikin a-daidaita-sahu: faifai mai juyawa yana da allura da faranti da bugu ke lalatawa, SSD ba shi da abin da ke motsi. 256GB ya ishi Windows da Office da CorelDraw da littattafai da bidiyon darasi masu yawa.

Fuskarta inci 14 ce, amma iri-iri ce. Akwai mai 1366 x 768, akwai mai 1920 x 1080, akwai ma wadda ta fi haka amma ba kasafai ake cin karo da ita ba. Ta farkon ita ta fi yawa a kasuwa kuma ita ce rauninta na zahiri: launi a kodaɗɗe, in ka ɗan karkata kai hoton ya sauya, kuma layukan Excel kaɗan take nunawa, sai yaro ya yi ta gangarawa yana hawa. Ana iya karatu da ita, amma in bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, a ɗauki mai 1920 x 1080.

Ramukanta sun dace da makarantunmu fiye da na sababbin kwamfutoci. Akwai USB manya guda biyu, da ƙaramin USB-C ɗaya, da ramin wayar sadarwa ta RJ-45, da na katin SD, da DisplayPort, da VGA. Wannan VGA ɗin shi ke shiga tsofaffin majigi da allunan kwamfuta da suka cika ɗakunan gwaji na makarantu, RJ-45 kuwa yana ba ɗalibi damar haɗa kwamfuta biyu da waya ya ga darasin sadarwa da idonsa. Abin da ba ta da shi shi ne HDMI. Mai son haɗa ta da talabijin sai ya sayi ɗan mahaɗi daga DisplayPort zuwa HDMI. USB-C ɗinta kuma ba na caji ba ne, kada a sayi cajar waya mai ƙarfi da zaton za ta yi.

Nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, ba ta gajiyar da kafaɗa. Kibod ɗinta na da daɗin bugawa, maɓallan suna nutsewa daidai, kuma ga mai koyon buga rubutu da yatsu goma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Minti talatin a shago

Kada a biya kuɗi a tsaye. A nemi kujera, a ce za a gwada, ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. In ya fara ƙorafin ana ɓata masa lokaci, shago na gaba ma yana da irinta.

A fara da BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi. A kashe ta gaba ɗaya, a kunna, a riƙa danna Esc har jerin zaɓi ya fito, sannan F10. In ta buɗe kai tsaye, madalla. In ta nemi kalmar sirri, a ajiye ta. Kamfanin da ya yi amfani da ita ne ya kulle, kuma ranar da Windows ta lalace aka so sauya tsarin tashi, sai an kai ta wurin mai gyara ya taɓa allon uwa da kayan aiki na musamman. Haka nan in lokacin saita Windows ta nuno sunan wani kamfani tana neman adireshin imel na ma'aikacinsa, har yanzu tana cikin rajistarsu, goge ta a sake lodi ba ya raba ta da wannan. A cikin BIOS ɗin kuma a duba kwanan wata. In ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu. Gyaransa ba tsada, amma in aka bar shi shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa suna kukan rashin tsaro, don takardar shaidarsu ba ta yi daidai da kwanan watan kwamfutar ba.

Daga nan a koma jerin Esc a danna F2. HP ta saka manhajar gwaji a ciki: a zaɓi gwajin RAM da na ma'ajiya, gajeren gwajin mintuna kaɗan yake ɗauka. Duk abin da ya nuna ya faɗi, magana ta ƙare.

Batir shi ne inda aka fi cutuwa, kuma shi ne ya fi sauƙin kamawa. Ba a dogara da alamar kashi 100 da ke ƙasan fuska, domin mataccen batir ma yana cika, abin da yake ɗauka ne ya ragu. A buɗe Command Prompt, a rubuta powercfg /batteryreport, a danna Enter. Za ta faɗi inda ta ajiye rahoton, a buɗe shi, a nemi layi biyu: Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko shi ne abin da batirin ke ɗauka yana sabo, a wannan kwamfutar wajen 46,000 mWh, domin batirinta CS03XL mai ƙarfin 46Wh ne. Na biyu shi ne abin da ya rage masa a yau. In ya nuna 37,000 ko sama, kashi 80 ke nan, batir ne mai kyau. In ya nuna 28,000, kusan kashi 60, a lissafa: aikin Word da Excel da haske matsakaici yana cin wajen watt goma, saboda haka ƙasa da awa uku za a samu. In ya gaza 23,000, a sa kuɗin sabon batir cikin ciniki a rage shi daga farashi. Bayan rahoton, a zare caja a bar ta minti goma ana kallon bidiyo. In ta yi tsalle daga 90 zuwa 60, ko ta mutu farat ɗaya, ƙwayoyin batirin sun lalace ko da rahoto ya ce me.

A kuma kifa ta a kan tebur mai santsi a shafa gindinta, a duba wajen da ake jan yatsa. In gindin ya yi tudu, ko maɓallan linzami sun yi tauri ba sa nutsewa, batirin ya kumbura. Kumburarren batir ba abin wasa ba ne, yana iya kama wuta, kuma ba a barin yaro ya kwana da shi a ɗaki.

Kibod: a buɗe Notepad, a bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya tun daga Esc har kibiyoyi, har da Shift na dama da na hagu. A lura da tsarinsa. Waɗanda suka fito daga Faransa da Beljiyam layinsu na sama da AZERTY yake farawa, na Jamus da QWERTZ, sai wasu 'yan kasuwa su liƙa sitika a kai. Sitikar ba ta wata uku take fara ɓarewa, kuma ɗalibin da ya saba da wannan tsari zai sha mamaki ranar da ya zauna gaban kwamfutar cibiyar JAMB mai QWERTY. Na Ingila QWERTY ne, ba laifi, sai dai alamar @ ba inda take a na Amurka take ba, ana daidaita wannan a saitin harshe. A wurin saitin ne kuma ake ƙara kibod ɗin Hausa da Windows ke da shi, mai ba da ƙ da ɗ da ɓ.

Fuska: a buɗe farin shafi ya cika ta, a nemi tabo fari-fari ko duhu, sannan baƙin hoto a nemi ɗigon da ke haske shi kaɗai. A buɗe murfin a rufe sau da yawa a hankali. In hoton yana ƙiftawa lokacin motsi, wayar da ta bi ta cikin hinji ta fara cinyewa. In hinjin yana ƙara ko jikin yana buɗewa a kusurwa, an taɓa yar da ita.

Saura a soka filasha a kowane ramin USB, a haɗa ta da intanet ɗin waya don gwada Wi-Fi, a buɗe kyamara, a kunna sauti, a soka abin kunne. A Task Manager, ƙarƙashin Performance, a tabbatar da sunan injin da yawan RAM da nau'in ma'ajiya sun yi daidai da abin da aka faɗa da baki. A rasit kuma a sa a rubuta lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti. Garantin baki ba ya tsayawa a gaban shugaban kasuwa.

Caja, wuta da ƙura

Cajarta mai shuɗin baki ce, siririya, 19.5V, mai 45W ko 65W, kowacce ta yi. A tsakiyar bakin akwai wata 'yar allura, ta nan kwamfutar ke gane ƙarfin cajar da aka soka mata. In allurar ta lanƙwashe, ko cajar jabu ce, sai a ga fitila na ci amma batir ba ya hawa, ko kwamfutar ta rage gudu da kanta ta yi nauyi. Da yawa sun sayi sabon batir a banza alhali caja ce mai laifi. Ta asali tana da ɗan nauyi a hannu, rubutun jikinta a fili yake, ba ta zafin da za a kasa riƙe ta. Ya fi a karɓi tsohuwar ta asali da a karɓi sabuwar jabu a kwali.

Cajar na karɓar wuta daga 100V zuwa 240V, don haka raguwar wutar NEPA ba ta cika damunta ba. Abin tsoro shi ne tsallen wuta lokacin da aka dawo da ita ko aka tayar da ƙaramin janareta. A zare caja kafin a tayar da inji, a bari ya daidaita, sannan a mayar. In linzamin yana rawa shi kaɗai duk lokacin da ake caji, ko ana jin ɗan tsikari a jikin ƙarfen, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, a sauya soket ko a nemi mai gyaran wuta. Ga gidan da ke da sola, wannan laftof ba ta da ci, ƙaramin imbata ma yana ɗaukarta.

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne abokan gabanta a arewa. Fanka ɗaya gare ta, tana jan iska ta gindi ta fitar ta gefen hagu. Ƙura na taruwa a bakin haƙoran ƙarfen da iska ke bi har ta zama kamar auduga, fanka ta yi ta kuka, injin ya yi zafi ya rage gudu, a ƙarshe ta riƙa mutuwa ana cikin aiki. Ɗora ta a kan katifa ko dardumar ɗaki yana toshe mashigar iskar gaba ɗaya, ko faranti ko katako a sa mata a ƙasa. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin zafin Afrilu, a kai ta a buɗe gindin, a cire batir tukuna, a busa fankar, a goge busasshen man da ke kan injin a shafa sabo ɗan kaɗan. Ba kamar G1 da G2 da murfinsu ke zamewa da maɓalli ba, G3 sai an kwance sukurori, wasu a ɓoye ƙarƙashin 'yan robobi. In murfin ya ƙi tashi, akwai sukurun da ya rage, kada a ɓamɓare da ƙarfi.

Manhajojin da ake loda mata a shago

Kusan kowane shago zai ce ya loda komai kyauta. Mafi yawan wannan Office ɗin ba mai lasisi ba ne, an kunna shi ne da dabarar da wa'adinta kwana 180 ne, in ba ta sabunta kanta ba sai jan layi ya fito a sama, daga baya ya hana rubutu. Kuma don dabarar ta zauna, sukan kashe manhajar tsaro ta Windows Defender su bar shi a kashe. Abu na farko bayan an isa gida shi ne a kunna shi. Mai sayen lasisi kuma ya tambaya ko da Access a ciki, domin kunshin Office na gida da ɗalibai ba ya zuwa da ita. LibreOffice kyauta ce kuma halal, tana da kwatankwacin Word da Excel da PowerPoint, da Base a madadin Access. Tana koyar da ka'ida sarai, sai dai maɓallanta ba inda na Microsoft suke ba, kuma a ɗakin jarrabawa na Microsoft aka fi tararwa, don haka ɗalibi ya tabbatar hannunsa ya saba da shi a ɗakin gwajin makaranta.

Cutar da ta fi kama kwamfutar ɗalibai ta filasha take zuwa, daga shagon buga takardu. Sai a ga duk fayiloli sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya, yaro ya ɗauka aikinsa ya tafi. Yawanci ɓoye su aka yi. Kada a danna ko ɗaya daga cikin gajerun hanyoyin. A fara bincike da Defender, sannan a Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in E ne harafin filashar, fayilolin za su bayyana.

Babban aibinta

Mafi yawan abin da na lissafa a sama ana gyara shi da kuɗi kaɗan. Wannan kuwa ba ya gyaruwa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel take farawa. 840 G3 ƙarni na shida ce, ba ta cikin jerin. Za a ga da yawa a kasuwa ɗauke da Windows 11, an bi ta bayan gida ne aka tsallake binciken. Tana aiki, ba ta da wani nauyi a kanta in akwai SSD da 8GB, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba, kuma babbar sabuntawar shekara-shekara sai an sake saka ta da hannu. Linux Mint, wata madadin Windows, tana tafiya a kanta lafiya lau kuma tana samun sabuntawa, amma Access da CorelDraw ba sa hawa kanta kai tsaye, su ne kuwa dalilin sayen.

Ga aikin makaranta zalla, wanda mafi yawansa ba ya buƙatar intanet, wannan ba ya hana komai. Word ba za ta daina buɗewa ba don tallafi ya ƙare. Haɗarin yana wajen hawa intanet da shiga asusun banki ko imel da tsarin da ba a toshe sababbin ɓarakokinsa.

Saboda haka hukuncina ya rabu biyu. Ɗalibin SS2 ko SS3 da ke buƙatar abin da zai fitar da shi jarrabawa, kuma aljihun gida bai da faɗi, 840 G3 mai i5, RAM 8GB, SSD 256GB da batir sama da kashi 70 zaɓi ne da nake ba da shawararsa ba tare da ɗar-ɗar ba. Ta fi mini sabuwar laftof mai ƙaramin injin Celeron da RAM 4GB da aka liƙe a allo da ma'ajiya 64GB nesa ba kusa ba, domin waccan ba a ƙara mata RAM, kuma Windows kaɗai ta kusa cinye ma'ajiyarta, ita kuwa wannan batirinta da kibod ɗinta da fuskarta da fankarta duk ana samunsu a kasuwa, kuma masu gyara sun san cikinta.

Ɗalibin SS1 kuwa, wanda ake fatan kwamfutar ta raka shi har jami'a ko kwalejin kimiyya, gara a ƙara haƙuri a tara a sayi 840 G5. Mai i5-8250U ko i5-8350U ƙwaya huɗu gare ta, tana karɓar Windows 11 ta ƙofar gaba, tana da HDMI, ana kuma cajinta ta USB-C. Ta rasa VGA da ɗakin faifai mai inci 2.5, sai a tanadi mahaɗi daga HDMI zuwa VGA saboda majigin makaranta. A nan ma a duba lamba da kyau, domin akwai G5 masu injin ƙarni na bakwai irin su i5-7200U da i5-7300U, waɗannan matsalarsu da Windows 11 ɗaya ce da ta G3, bai kamata a biya musu kuɗin ƙarni na takwas ba.